Martani: Allah Ba Shi da Kishiya, Ko da Kuwa Shaiɗan Ne

Na karanta rubutun ɗan'uwanmu Malam mai wa'azi da ya fito a wannan fili makonni biyu da suka wuce, inda ya taɓo tambayar da ta fi kowace hana mai bi barci: in Allah nagari ne, kuma mai iko duka, me ya sa mugunta ta yi wa duniya katutu haka? Sau biyu na karanta shi, a karo na uku na ɗauko biro. Na san da zuciyar makiyayi Malam ya yi rubutun, zuciyar wanda ya gaji da tsayuwa a bakin kabarin ƙananan yara yana laluben abin da zai faɗa wa iyayensu. Don haka ina gaishe shi da aiki, ina kuma roƙon ya karɓi wannan martani a matsayin maganar gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga abin da Malam ya ce a taƙaice, don kada a ce na yi masa ƙari. Ya ce Allah ya damƙa wa Adamu mulkin duniya, Adamu kuma ya miƙa shi ga Shaiɗan ranar da ya karya umarni, saboda haka tun daga lokacin duniya tana hannun Shaiɗan bisa doka, kamar gonar da aka bayar jingina. Cuta, haɗarin mota, rashin haihuwa, talauci, har faɗuwa jarrabawa, duk aikinsa ne, babu ruwan Allah ko kaɗan. Ya ƙara da cewa Allah yana so ya kawo ɗauki, amma hannunsa a ɗaure yake, sai mai bi ya yi addu'a ya buɗe masa ƙofa sannan yake iya shigowa. A ganin Malam, da wannan an wanke Allah daga zargi, tambaya ta mutu.

Bari in fara da inda muka haɗu. Ba na cikin masu cewa Shaiɗan tatsuniya ce ta mutanen da. Linjila ta nuna Yesu ya yi kwana 40 a jeji yana fuskantar jarrabawarsa, ya fitar da aljanu a birni da ƙauye, kuma a sura ta 13 ta Luka shi da bakinsa ya danganta ciwon wata mace da ta shekara 18 a tanƙware da ɗaurin Shaiɗan. Marigayi Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ECWA kafin ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975, ya ga batun ruhohi ya kai a keɓe masa ɗan littafi guda, kuma ya rubuta. Saɓanina da Malam a kan girman rigar da ya ɗinka wa Shaiɗan ne. Ya ɗauko bawa ɗan tawaye ya naɗa masa rawanin sarauta.

Shekarun baya ina koyar da ajin yara na makarantar Lahadi a gindin darbejiya bayan majami'a, domin iska ta yaye rufin ɗakinmu. Na gama ba su labarin gonar Aidan, ina jin na yi abin kirki, sai wata yarinya da ba ta wuce shekara 9 ba, tana murza bakin ɗankwalinta, ta ce, "Baba, wa ya yi Shaiɗan?" Na ce Allah ne ya yi shi, amma mala'ika ne nagari kafin ya yi tawaye. Ta ce, "Allah bai san zai lalace ba?" Na ce ya sani. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ɗago kai ta ce, "To me ya sa bai kashe shi tun ranar ba?" Sauran yaran duk suka zubo mini ido. Ƙararrawar tashi ce ta cece ni.

Yarinyar nan ba ta taɓa jin sunan Efikurus masanin falsafar Girka ba, wanda ake jingina wa tsohuwar tambayar nan mai ƙafa uku, ba ta kuma san David Hume ɗan Sukotland ba, wanda ya sake wasa ta a littafinsa da ya fito a 1779. Amma ta ɗora yatsa daidai inda rubutun Malam ya tsage. Ɗora wa Shaiɗan dukan mugunta bai amsa tambayar ba, ya dai matsar da ita baya da taku ɗaya. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. In karen mutum ya ciji ɗan maƙwabci, aka je gaban mai unguwa, mai karen ya ce ai kare ne ya yi cizo ba shi ba, mai unguwa zai tambaye shi: karen wa, kuma ina sarƙarsa? Ƙofa biyu kawai ke gaban Malam. Ko dai Allah yana iya tsayar da Shaiɗan amma ya bar shi zuwa wani lokaci, to tambaya tana nan daram. Ko kuwa ba ya iyawa, to ba mai iko duka ba ne. Har Alvin Plantinga, masanin falsafa ɗan Amurka wanda a 1974 ya kawo shawarar cewa mai yiwuwa bala'o'in halitta aikin ruhohi 'yan tawaye ne, bai taɓa cire su daga cikin halittun Allah ba. Malam kuwa ta ƙofa ta biyu ya bi, wataƙila bai lura da inda take ɓullewa ba.

Inda take ɓullewa tsohon gida ne da ikilisiya ta sani. A shekara ta 216 aka haifi wani mutum mai suna Mani a ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau. Ya koyar da cewa tun fil'azal akwai mulki biyu, na haske da na duhu, kowanne da sarkinsa, kuma duk muguntar duniya daga sarkin duhu take, wanda sarkin haske bai halitta ba, bai kuma iya hana shi kawo farmaki ba. Koyarwar ta yi farin jini ƙwarai, ta bazu daga Arewacin Afirka har ƙasar Sin, domin tana da daɗin ji: Allah ya fita fes, mugunta ta sami ubanta. Cikin waɗanda ta kama akwai wani saurayi ɗan Afirka mai kaifin basira, Agustin, haifaffen garin Tagaste a 354, inda a yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Kimanin shekara 9 ya yi a cikinsu, uwarsa Monika tana kuka tana addu'a, kafin Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan a 387. Daga baya ya zama bishop na Hifo, Annaba ta yau, har ya rasu a 430.

Abu biyu Agustin ya fito da su daga wannan gida, kuma ina so Malam ya dube su da kyau. Na farko, ya gane cewa allahn da wani zai iya kai wa hari ya ci masa iyaka bai cancanci sujada ba. Na biyu, ya gane cewa mugunta ba halitta ba ce mai tsayuwa da ƙafarta. Lalacewar abu nagari ce. Masaƙi yana saƙa zane, amma babu masaƙin da ke saƙa huda. Huda rashin zare ce a inda ya kamata zare ya kasance, kuma in babu zane babu huda. Tsatsa sai da ƙarfe, ruɓa sai da hatsi. Haka Shaiɗan: wayonsa, ƙarfinsa, kasancewarsa ma kanta, duk aro ne daga Mahalicci, abin da yake nasa na kansa shi ne karkacewar nufinsa kaɗai. Bai taɓa halittar ko ƙuda ba. In ana neman tsaransa a Littafi Mai Tsarki, Mika'ilu ne, mala'ika ɗan'uwansa, wanda Wahayi sura ta 12 ta nuna ya kore shi daga sama. Allah ba shi da tsara.

Ikilisiya ba ta bar wannan a matsayin ra'ayin mutum ɗaya ba. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Braga ta ƙasar Fotugal a 561 ta la'anci koyarwar cewa Iblis ya ɓullo ne daga duhu ba tare da mahalicci ba. A 1215, lokacin da irin wannan aƙida ta sake tsirowa a kudancin Faransa, babbar majalisar Lateran ta huɗu a Roma ta tabbatar cewa Allah ne ya halicci Iblis da sauran aljanu nagari, su ne suka lalata kansu. Kada wani ya ce wannan maganar 'yan Katolika ce: John Calvin, wanda yawancin ikilisiyoyinmu na bishara suka sha daga rijiyarsa, ya kwatanta Shaiɗan da dabbar da linzaminta ke hannun Allah. Shahadar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara tsarawa a 325, ta buɗe ne da shaida cewa Allah ɗaya ya yi abubuwan da ake gani da waɗanda ba a gani. Maƙwabtanmu Musulmi ma, da muke kiran sunayen Shaiɗan da Iblis tare da su a Hausa, sun riƙe cewa roƙon jinkiri Iblis ya yi aka ba shi. Wanda ke roƙon jinkiri ba shi ke da mulki ba.

To daga ina maganar jingina ta fito? Malam ya kafa hujja da Luka sura ta 4, inda Shaiɗan ya nuna wa Yesu mulkokin duniya ya yi iƙirarin cewa an ba shi su, yana kuma ba wanda ya ga dama. Malam, wa ya faɗi wannan magana? Wanda Yesu ya bayyana a Yohanna sura ta 8 a matsayin uban ƙarya. Wane alƙali ne zai yanke hukuncin mallakar gona da shaidar ɓarawon da aka kama a cikinta? Littafin Daniyel sura ta 4 ya ba da labarin yadda Sarki Nebukadnezzar ya koma cin ciyawa kamar sa har sai da ya yarda cewa Maɗaukaki ne ke raba mulki ga wanda ya so. Gaskiya ne Sabon Alkawari ya kira Shaiɗan mai mulkin wannan duniya, amma ɗan bindigar da ya mamaye daji yana karɓar haraji daga manoma shi ma yana mulki, ba tare da takardar mallaka ba. Tun wajen 1098 Anselm na Kantabari ya rushe tunanin cewa Iblis yana da wani haƙƙi na shari'a a kan ɗan Adam da ya wajaba Allah ya mutunta. Sigar da Malam ya kawo mana, ta Adamu ya sayar da mulki da Allah mai jiran izini, ta zo ne daga Amurka a ƙarni na 20, ta hannun E. W. Kenyon da Kenneth Hagin na birnin Tulsa, ta iso mana a ƙananan littattafai da kaset-kaset. Sabuwar riga ce a jikin tsohon Mani.

Mu buɗe littafin Ayuba, tunda shi Malam ya fi ambata. Ayuba yana da tumaki 7,000, raƙuma 3,000, 'ya'ya 10. Shaiɗan ya zo gaban Allah yana ƙorafin cewa an kewaye mutumin da shinge. Wannan ƙorafi kaɗai ya isa hujja: mai mulkin duniya bisa doka ba zai yi kukan shinge ba. Sau biyu aka ba shi dama, sau biyu aka gindaya masa iyaka, na farko kada ya taɓa jikin Ayuba, na biyu kada ya taɓa ransa, kuma bai ƙetare ko ɗaya ba. A Luka sura ta 22 Yesu ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi izini ne kafin ya sheƙe su kamar alkama. A Markus sura ta 5 rundunar aljanu sai da suka roƙa kafin su shiga garken aladu kimanin 2,000. Bulus ya kira ƙayar da ke jikinsa manzon Shaiɗan, amma da ya tashi neman a cire ta, wurin Ubangiji ya je har sau uku, ya kuma fahimci an bar masa ita ne don kada girman kai ya cinye shi. A duk waɗannan wurare mai neman izini ɗaya ne, kuma ba Allah ba ne. Malam ya juya hoton ƙasa a sama.

Da a takarda kawai wannan kuskure ya tsaya, da ban ɗauko biro ba. Amma na ga abin da yake haifarwa. Akwai shekarar da muka tara kuɗin sabon rufin majami'a. Zumuntar mata suka yi ta soya ƙosai da ƙuli-ƙuli, matasa suka yi ƙwadagon noma, wata gwauruwa ta kawo kuɗin akuyarta ɗaya tilo. Da damina ta matso aka ce a fito da kuɗi a sayi kwano, sai aka tarar asusu ya yi ƙasa da rabi. Dattawa suka zauna da ma'aji a ɗan ofishin fasto, littafin lissafi a buɗe a kan tebur. Ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Iyayena, aikin Shaiɗan ne." Wasu har sun fara gyaɗa kai. Sai wani tsoho a cikinmu, wanda ba ya yawan magana, ya jawo littafin ya bi layi da yatsa, ya ce, "Ɗana, na ga sa hannu goma sha ɗaya a nan. Wanne ne na Shaiɗan?" Sabon babur ɗin ma'ajin kuwa yana jingine a bakin taga, kowa yana ganinsa.

Duk mai sauraron labarai ya san wannan magana. Wanda aka kama ya lalata ƙaramar yarinya, wanda ya sace kuɗin marayu, da an miƙa masa abin magana sai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Uzurin ya girmi kowa: a Farawa sura ta 3 Adamu ya tura wa Hawwa'u, Hawwa'u ta tura wa maciji, Allah kuwa ya hukunta kowa a kan nasa. Yakubu a wasiƙarsa ya ce sha'awar mutum ce ke jan sa ta yaudare shi, Yesu kuma a Markus sura ta 7 ya lissafa kisa da sata da zina ya ce daga zuciya suke fitowa. Hausawa sun riga sun gama maganar: in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Agustin da kansa ya amsa cewa abin da ya fi riƙe shi a wurin mabiyan Mani shi ne daɗin jin cewa wani baƙon abu ne a cikinsa ke yin zunubin, shi fes yake. Sai da ya tuna daren da yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen maƙwabci, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu, sannan ya yarda cewa shi ne ya so, shi ne ya yi. Mutumin da aka koya wa cewa matsalarsa aljani ce zai yi ta neman a fitar masa da aljani. Tuba kuwa sai wanda ya ce ni ne.

Haka abin yake a wahalar da ba zunubin mai ita ba. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, da farfaɗiya da suma, sama da 400. Likitocin ƙungiyar MSF da suka bi sawu sun gano gubar dalma ce: ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana niƙawa, ƙura tana sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Maganin ya zama kwashe gurɓatacciyar ƙasa, a zuba sabuwa, a ba yaran maganin fitar da dalma daga jini, a fitar da niƙan daga gidaje. Da an tsaya a kan cewa aikin Shaiɗan ne, da an bar jaki ana dukan taiki, yara suna ci gaba da mutuwa. Allah ya ba mu hankali, kuma binciken dalili ibada ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani gida da na sani. Sun binne yara biyu, na uku yana kwance, gaɓoɓinsa suna ciwo, idanunsa sun yi ɗorawa. Wani mai addu'a ya zo ya ce Shaiɗan ba ya shiga gida sai da ɗan gari, a nemo ƙofar. Aka yi kwanan addu'a, da asuba yatsa ya nuna kakar yaran, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ita ke goya yaron in uwarsa ta tafi rafi. Na je washegari na same ta zaune a bayan rumbu, ƙullin kayanta a gabanta, ba ta kuka. Abin da kawai ta ce mini shi ne, "Wa zai dama masa kunu yadda yake so?" Aka mayar da ita ƙauyensu. Bayan watanni aka yi gwajin jini, aka ga uba da uwa duk AS ne, yaron kuma SS: amosanin jini, wanda kowane ciki na irin wannan aure yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da shi. Koyarwar da ta ce kowace cuta harin Shaiɗan ce dole ta nemo masa ɗan aike, ɗan aiken kuma kullum mai rauni ne: tsohuwa, gwauruwa, maraya, kishiya.

Yesu ya sha rufe wannan ƙofa. A Yohanna sura ta 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka nemi mai laifi, shi ko iyayensa, Yesu ya ƙi zaɓar ko ɗaya. A Luka sura ta 13, surar da Malam ya ɗauko labarin mace mai tanƙwararren baya, Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba, bai kuma kawo sunan Shaiɗan ba. Sura ɗaya, wahala iri biyu, bayani iri biyu. Malam ya ɗauki ɗaya ya shimfiɗa a kan duniya duka. Ga kuma wani nauyin: in Allah ba ya iya motsi sai addu'a ta buɗe masa ƙofa, to uwar da ta yi azumi ta kwana durƙushe ɗanta ya mutu, laifin wa? An wanke Allah, an ɗora mata. Ta dawo daga makabarta da gawa a zuciya da tuhuma a ka.

Na san abin da Malam zai ce, kuma yana da haƙƙin faɗa: "To kai kana nufin Allah yana gani, yana da iko, ya bar yaron ya mutu?" E, abin da nake nufi ke nan, kuma bakina yana nauyi da nake faɗa. Ba zan yi wa maganar kwaskwarima ba. Masanin Jamus Leibniz ya gwada a 1710, ya ce wannan duniya ita ce mafi kyau cikin duk waɗanda za a iya halitta. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, ranar idin tsarkaka, girgizar ƙasa ta rushe Lisbon mutane suna cikin majami'u, dubban rayuka suka salwanta, amsar tasa ta zama abin ba'a a Turai. Duk amsar da ta zo a gyare tsaf, wadda ba ta bar wurin hawaye ba, a yi hattara da ita, ko ta Leibniz ce ko ta Malam. 'Yancin zaɓi da Allah ya ba mutane da mala'iku yana bayyana wani kaso. Horo da gyaran hali yana bayyana wani. Akwai ragowar da Littafi Mai Tsarki ya bari a rufe.

Amma a duba abin da Ayuba ya yi da wannan ragowa. Littafin sura 42 ne, Shaiɗan ya ɓace tun daga sura ta 2, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ayuba bai ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. Bai ɗaure shi ba, bai nemi ƙofar da ya shigo ba. Allah ya kama, ya yi ta kai masa ƙara, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a tsaya shari'a. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, su ne suka ɗauki aikin wanke Allah, kowanne da bayaninsa mai tsabta. Da Allah ya yi magana daga cikin guguwa, bai gaya wa Ayuba dalili ba, amma ya yi fushi da masu wanke shi, ya ce mai kukan ne ya faɗi daidai game da shi. Malam, wannan ya kamata ya tsorata duk mai son zama lauyan Allah, har da ni. Kuma nan ne asarar koyarwarka ta fi girma. Mai wahala yana da wurin kai kuka ne domin akwai wanda al'amarin ke hannunsa. In ka ce masa hannun Allah a ɗaure yake, ka bar shi da Allah mai tausayi wanda ba ya iya kome, da maƙiyi mai iko wanda ba ya jin roƙo.

Amsar da bangaskiyarmu ta bayar a kan gicciye take. Linjila ta ce Shaiɗan ya shiga Yahuza. Yahuza ya karɓi azurfa 30 da hannunsa, manyan firistoci suka ƙulla, Bilatus ya wanke hannu ya miƙa marar laifi. Kowa da nasa alhakin, ba a yafe wa kowa da sunan an zuga shi ba. Duk da haka ranar Fentikos Bitrus ya tsaya ya shaida cewa abin ya faru cikin shirin Allah da saninsa tun da fari. Mugunta mafi girma da aka taɓa yi ba ta kuɓuce daga hannun Allah ba, cikinta ma ya shiga da kansa, ya sha ta, ya fito da ceto daga cikinta ran Lahadi da asuba. Irin abin da Yusufu ya gane ke nan a Masar, shekaru bayan 'yan'uwansa sun sayar da shi: nufinsu mugu ne, kuma nasu ne, amma akwai wani nufi a samansa wanda ya ciyar da ƙasashe lokacin yunwa. Allahn da ke jiran izinin mutum ba zai iya wannan ba.

Saboda haka ina roƙon Malam, cikin ƙauna, ya sake zama da rubutunsa. Ya ci gaba da gargaɗin mutane su yi tsayayya da Iblis, wannan umarni ne. Amma ya mayar da shi matsayinsa na halitta mai sarƙa a wuya, wanda aka riga aka yanke wa hukunci. A majami'unmu da yawa yanzu, in ka ƙirga, sunan Shaiɗan ya fi na Yesu fitowa a addu'ar dare, kuma ina zaton babu abin da ya fi wannan yi masa daɗi.

Yarinyar nan ta gindin darbejiya yanzu ma'aikaciyar jinya ce, tana kwana a kan yara masu amosanin jini. Da muka haɗu bara na tuna mata tambayarta, ta yi dariya ta ce har yanzu tana yi wa Allah ita, musamman in dare ya raba a ɗakin yara. Na ce to ya amsa? Ta ce, "Bai amsa ba tukuna, Baba. Amma shi nake tambaya, don na san shi ke riƙe da amsar." Ta duba agogo, ta ce lokacin ba da magani ya yi, ta koma ciki.